SIRRIN ƊAN ƘASA DA AMANAR BAYANAI

Darasi domin azuzuwan ilmin manya da tarurrukan wayar da kan jama'a

Duk baƙon da ya taɓa zuwa gidan Bahaushe ya san iyakarsa. Zai tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama, ya jira a amsa, in kuwa maigidan ba ya nan sai ya bar sallahu wurin yaro ya juya. Ba ya ƙetare zaure ko da ƙofa a buɗe take, kuma ba ya bukatar ɗan doka ya tuna masa. Haka nan mace takan ɓoye cikinta har sai ya bayyana da kansa, attajiri ba ya faɗin yawan dukiyarsa, makiyayi ba ya son a ƙidaya masa shanu, sa'an nan addu'ar da ta fi yawa a bakin talaka da basarake ita ce Allah ya rufa asiri. Addinai ma sun ƙarfafa wannan tarbiyya. A cikin Alƙur'ani mai girma, Suratun Nur ta yi umurni da neman izini kafin shiga gidan wani, Suratul Hujurat kuma ta hana binciken asirin mutane. A cikin Littafi Mai Tsarki, littafin Karin Magana ya zargi mai yawo da tsegumi, ya yabi mai riƙon amana.

Amma ga abin mamaki. Mutumin nan da ba zai yarda baƙo ya leƙa tsakar gidansa ba, shi ne zai miƙa katin bankinsa ga yaron da ke cire wa mutane kuɗi a bakin kasuwa, ya karanta masa lambar sirrin da ƙarfi alhali mutum biyar suna tsaye a bayansa. Shi ne kuma zai rubuta lambarsa ta ɗan ƙasa, da ranar haihuwarsa, har da sunan mahaifiyarsa, wanda ko amininsa bai isa ya ambata a gabansa ba, a jikin wata takarda da wani baƙon ido ya zagayo da ita unguwa da sunan rajistar tallafi. Ba wai mutumin ya bar tarbiyyarsa ba ne. Abin da ya faru shi ne sirrinsa ya tashi daga inda ya saba tsaronsa ya koma wani wuri, shi kuwa har yanzu yana nan zaune a ƙofar zaure yana gadi.

YADDA SIRRI YA YI ƘAURA

A dā sirrin mutum yana zaune ne a wurare kaɗan, watau cikin gidansa, da cikin cikinsa, da bakin waɗanda ya amince da su. Ko da takarda ta shigo, ba ta yi nisa da shi ba. Wanda bai iya rubutu ba yakan je wurin malamin da ke rubuta wasiƙu a gindin itace kusa da gidan waya, ya faɗa masa damuwarsa, a liƙe ambulan a manna kan sarki, kuma in magana ta fita kowa ya san daga bakin wa ta fita. Littafin haraji yana hannun dagaci da malaminsa, katin asibiti yana cikin kabad. Wanda yake so ya saci labarin mutum dubu a wancan zamani, tilas ya zo da buhu. Duk da haka jama'a ba su saki jiki da mai biro ba, domin sun koya daga haraji da jangali cewa duk abin da aka ƙidaya, wata rana za a nemi kuɗi a kansa.

Cikin shekaru kamar ashirin kacal al'amarin ya juye. A 2001 wayar hannu ta shigo ƙasar nan. A 2007 aka yi dokar da ta kafa Hukumar Kula da Shaidar Ɗan Ƙasa, wadda ke ba kowa lamba mai alƙaluma 11 da ake kira NIN. A 2011 aka soma rajistar layukan waya, ana ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu. A watan Fabrairu na 2014 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN, ita ma mai alƙaluma 11, wadda ta ɗaure dukan asusun bankin mutum wuri ɗaya. A watan Disamba na 2020 kuma aka ba da umurnin haɗa kowane layin waya da lambar NIN ta mai shi. Tun 2023 yawan waɗanda suka sami lambar NIN ya haura miliyan 100.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da dalilinsa mai kyau. Da su ake gano ma'aikatan bogi a takardar albashi, da su ake bin sawun mai zamba, da su ɗalibi ke rajistar jarrabawar shiga jami'a, matafiyi kuma ya sami fasfo. Sai dai fa sun mai da fuskar mutum da yatsunsa da layinsa da asusunsa kamar sarƙa guda, wadda in aka kama zobe ɗaya sai a jawo saura. Kuma bayanin da ke cikin kwamfuta ya bambanta da tunkiya ko keke. In an sace tunkiya, mai ita zai ga turke wayam da safe ya yi cigiya. In an kwafi bayani kuwa, yana nan inda yake ba abin da ya ragu, saboda haka mai shi ba zai san an yi masa sata ba sai ranar da ɓarnar ta iso ƙofarsa. Har ila yau, mutum yana iya sake kwado in mabuɗi ya ɓace, amma ba ya iya sake zanen yatsansa.

YADDA JAMA'A KE KALLON LAMARIN

Maganar da aka fi ji a bakin mutane in an yi musu gargaɗi ita ce, "Ni talaka ne, me ke cikin asusuna da za a sata?" Wannan magana tana da kamar hujja, amma ta kuskure abin da ɓarawon zamani yake nema. Sau da yawa ba kuɗin talaka yake so ba, sunansa yake so. Mai zamba yana bukatar asusun da zai karɓi kuɗin haram wanda ba ya ɗauke da sunansa, mai garkuwa da mutane yana bukatar layin waya da aka yi wa rajista da fuskar wani. Sunan da ya fi musu amfani kuwa shi ne na mutumin kirki wanda bai taɓa shiga hannun hukuma ba, wanda kuma ba ya duba saƙon banki. A watan Yuli na 2025 hukumar EFCC mai yaƙi da yi wa tattalin arziki ta'annati ta yi gargaɗi cewa akwai matasa masu yawa da ke bin mutane suna sayen lambobinsu na NIN da BVN da hotunansu a kan Naira 1,500 zuwa 2,000, su kuma sayar da su gaba domin a buɗe asusun da ake zamba da su. Wanda ya karɓi wannan kuɗi ya ga kamar ya tsinci dami a kala. Amma ran da masu bincike suka bi sawun kuɗin sata, sunan da za su tarar a jikin asusun nasa ne, adireshin da za su bi na gidansa ne, kuma shi ne zai zauna yana rantsuwa cewa bai san komai ba.

Akwai kuma kunya da girmama mai matsayi, halaye biyu masu kyau waɗanda a nan suke zama kafar shiga. Mutane da yawa suna ganin rashin ladabi ne su tambayi ma'aikaci dalilin da ya sa yake neman wani bayani. Da zarar mutum ya zo da riga mai tambari, ko ya buga waya da murya mai natsuwa ya ce daga banki yake, ya kuma ambaci cikakken sunan wanda ya kira, shi ke nan an sallama masa. Alhali sanin sunan mutum da ranar haihuwarsa ba shaida ba ce ta gaskiya. Sau da yawa ma alama ce cewa mai kiran ya riga ya sami rabin abin da yake nema, yana farautar sauran rabin ne, watau lambar sirrin kati ko 'yar lambar nan da banki ke aikowa ta saƙo domin tabbatar da ciniki. Babu bankin da ke tambayar waɗannan lambobi biyu ta waya, kuma babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai ji haushi don an ƙi faɗa masa su.

Sa'an nan ga kwaɗayin banza. Kusan kowane mako sai an ga saƙo yana yawo a WhatsApp cewa gwamnati tana rabon kuɗi, ko ana ɗaukar ma'aikata, ko wani kamfani yana kyautar katin waya, a latsa nan a cika fom. Masu hikima sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin takaici shi ne yawancin masu yaɗa irin wannan saƙo mutanen kirki ne da ke son 'yan'uwansu su amfana, saboda haka tarkon yakan iso wa mutum ne daga hannun wanda ya yarda da shi. Irin wannan dabara ta shiga har harkar zaɓe. Kafin babban zaɓen 2023 hukumar zaɓe ta ƙasa ta yi kashedi game da masu bin talakawa suna sayen katin zaɓe ko kwafe lambobinsa, abin da dokar zaɓe ta haramta.

A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda tsoro ya kai su ga ƙin kowace irin rajista. Ba su yarda a ɗauki hotonsu ba, ba su yi wa 'ya'yansu takardar haihuwa ba, suna ganin duk wata lamba makirci ce. Waɗannan sun guje wa ruwa sun faɗa rijiya, domin in an rufe musu layi ko bukatar banki ta taso, sai su koma ara, su yi amfani da layin wani da asusun wani, su sa dukiyarsu a ƙarƙashin sunan da ba nasu ba. Ba ƙin ba da bayani ake nema ga ɗan ƙasa ba. Abin da ake nema shi ne ya san wa yake ba, don me, kuma har zuwa yaushe.

Gaskiya ɗaya tilas a faɗe ta, ko da ba ta yi wa ma'aikatu daɗi ba. Rashin yardar jama'a ba daga sama ta faɗo ba. Duk wanda ya taɓa sayen tsire ko ƙosai ya ga an naɗe masa a cikin takardar neman aikin wani, da hotonsa da adireshinsa, ko a cikin sakamakon gwajin asibiti, ya san yadda wasu ofisoshi ke riƙon amanar da aka ba su. A 2024 ma 'yan jarida da ƙungiyar Paradigm Initiative sun fallasa wasu shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na 'yan ƙasa a kan kuɗi ƙalilan, har Naira 100. Hukumar shaidar ɗan ƙasa ta ce ba a fasa rumbunta ba, an kuma rufe shafukan. Irin wannan labari yakan sa wasu su ce ai bakin alƙalami ya riga ya bushe, tun da bayanan sun fita babu sauran abin tsaro. Wannan kuskure ne. Mai riƙe da sunan mutum da lambarsa har yanzu yana bukatar lambar sirri ko layin waya kafin ya taɓa kuɗi, kuma waɗannan suna hannun mai su.

AMANAR WANI

Wurin da tunanin jama'a ya fi rauni shi ne game da bayanan wasu. Kowace waya tana ɗauke da sunaye da lambobin mutane ɗari ko fiye, da hotunan iyali, da saƙonnin da aka aiko bisa amana. Mai wayar yana ganin duk nasa ne, alhali ajiya ce.

Labarin manhajojin ba da lamuni ya isa misali. Mutum yana cikin matsi, sai ya sauke manhaja a wayarsa wadda ta yi alkawarin ba shi rance cikin minti kaɗan ba tare da jingina ba. Kafin ta buɗe sai ta nemi izinin duba lambobin da ke cikin wayar da hotuna, shi kuwa ya latsa amincewa bai karanta ba. Ashe jinginar ke nan ya bayar, watau mutuncinsa da na duk wanda ya sani. Ran da biya ya yi jinkiri, sai saƙo ya isa wurin surukinsa da maigidansa a wurin aiki da limamin unguwarsu, ana kiransa ɓarawo, wani lokaci har da hotonsa da sanarwar mutuwar ƙarya. Waɗannan mutane ba su ci bashin kowa ba, ba su kuma ba kowa izinin riƙe lambarsu ba. A watan Agusta na 2021 Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, watau NITDA, ta ci wani irin wannan kamfani tarar Naira miliyan 10. A 2022 Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta kai samame ofisoshin wasu, ta kuma wajabta musu rajista. A 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin lamuni da ke rumbunsa a Nijeriya taɓa lambobi da hotunan da ke cikin wayar mutane. Duk da haka waɗanda ba su da rajista ba su ƙare ba, sukan aiko da manhajarsu ta saƙo kai tsaye, saboda haka hattara ba ta ƙare ba.

Ba kamfanoni kaɗai ke da laifi ba. In hatsarin mota ya auku, sau da yawa kafin a sami mai ɗaukar wanda ya ji rauni an sami goma masu ɗaukar hotonsa, har iyali su ga gawar ɗansu a Facebook kafin mai gaya musu ya iso. Mai taimako yakan ɗauki hoton gwauruwa tana karɓar mudun shinkafa ya watsa wa duniya, ya ciyar da ita yini ɗaya ya tona mata asiri shekara da shekaru. Akan yaɗa takardar asibitin maras lafiya da sunansa da irin cutarsa domin neman gudummawa ba tare da an tambaye shi ba. Akan tura muryar da mace ta aika wa ƙawarta cikin ɓacin rai zuwa zauren mutum ɗari biyu. Iyaye ma sukan sa hoton yaro da rigar makarantarsa, sunan makarantar a fili, a zamanin da ake satar yara. Yawancin masu yin haka ba mugunta ce ta sa su ba. Ba su dai ɗauki latsa waya a matsayin magana ba ne. Alhali magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi kowace wuyar mayarwa.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Haƙƙin sirri ba baƙo ba ne a dokokin ƙasar nan. Yana cikin tsarin mulkin 1960, aka kuma ci gaba da riƙe shi a waɗanda suka biyo baya. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya lamunce wa 'yan ƙasa sirrinsu, da na gidajensu, da wasiƙunsu, da maganganunsu ta waya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa asibitoci ɓoye labarin maras lafiya. Amma dokar da ta fuskanci zamanin kwamfuta kai tsaye ta jima ba ta zo ba. Jihar Hesse ta ƙasar Jamus ta yi irinta tun 1970, Ghana ta yi tata a 2012, ta Tarayyar Turai kuma ta soma aiki a watan Mayu na 2018. A Nijeriya NITDA ta fitar da ƙa'idoji a watan Janairu na 2019, sa'an nan a ranar 12 ga Yuni, 2023, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya, NDPC a taƙaice, mai hedkwata a Abuja.

Ginshiƙin dokar shi ne cewa wanda ya karɓi bayanin mutum ma'aji ne, ba mai shi ba. Saboda haka banki ko asibiti ko makaranta ko ma'aikatar gwamnati ba su da ikon karɓar bayani sai da dalilin da doka ta yarda da shi, kamar yardar mai bayanin, ko cika yarjejeniya, ko umurnin wata doka, ko ceton rai. Tilas su faɗi ko su wane ne, da abin da za su yi da bayanin, da wanda za su ba, da tsawon lokacin da za su riƙe shi. Ba a yarda su karɓi fiye da abin da aikin yake bukata ba, ko su karɓa don abu kaza su yi wani abu dabam da shi. Game da yarda kuwa, dokar ta saɓa wa abin da aka saba faɗa cewa shiru ma amsa ce: a wurinta shiru ba yarda ba ne, kuma in gardama ta tashi, wanda ya karɓi bayanin shi ne zai kawo shaidar cewa an yarda masa. Wanda ya yarda yau yana da ikon janyewa gobe.

Ɗan ƙasa yana da ikon ya nemi a nuna masa abin da aka rubuta game da shi, a gyara in akwai kuskure, a share in bukatarsa ta wuce, kana ya hana a yi amfani da lambarsa wajen aiko masa da talla. Haƙƙin gyara ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da ake rubuta sunansu iri uku a takardu uku, Muhammadu a nan, Mamman a can, domin irin wannan saɓani ya sha hana tsoho fanshonsa. Dokar ta kuma keɓe wasu bayanai da ta ba su tsaro na musamman, watau zanen yatsa da makamantansa, da ƙabila, da addini, da lafiyar jiki, da ra'ayin siyasa, da zama ɗan ƙungiyar ƙwadago. Kowa ya san tarihin ƙasar nan ya san abin da jerin sunaye mai nuna addini ko ƙabila zai iya haifarwa in ya faɗa mugun hannu. Game da yara, sai da yardar iyaye ko mai riƙo.

In aka fasa rumbun wani kamfani aka kwashi bayanai ta yadda za a iya cutar da mutane, wajibi ne ya sanar da Hukumar cikin awa 72, in kuwa haɗarin babba ne ya sanar da mutanen da abin ya shafa nan da nan. Tarar manyan masu riƙe da bayanai tana iya kai Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da suka samu a shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ta ƙanana kuwa Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100. Hukumar tana iya umurtar a biya wanda aka cuta diyya, shi ma yana iya zuwa kotu da kansa. An kuwa soma gani a ƙasa. A watan Agusta na 2024 Hukumar ta ci wani bankin kasuwanci tarar Naira miliyan 555.8, ko da yake bankin ya musanta laifin. A watan Yuli na wannan shekara ta 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, bayan binciken da ta yi tare da NDPC, ta ci kamfanin Meta mai Facebook da WhatsApp tarar Dala miliyan 220, kotun musamman mai sauraron irin waɗannan ƙararraki kuma ta tabbatar da hukuncin a watan Afrilu na 2025.

Dokar tana da iyaka, kuma ya kamata a san ta. Ta sassauta wa hukumomin da ke binciken laifi da tsaron ƙasa da yaƙi da annoba, haka ma aikin jarida da ke kare maslahar jama'a, kamar yadda sashe na 45 na tsarin mulki ya ba da damar taƙaita haƙƙin sirri saboda tsaro da lafiyar jama'a. Wannan sassauci amana ce mai nauyi a wuyan jami'an da aka ba shi, ba lasisin leƙe-leƙe ba. Dokar ba ta shiga abin da mutum ya ajiye don amfanin kansa da gidansa ba, muddin bai keta sirrin wani da shi ba. Sa'an nan Abuja tana da nisa daga manomin da ke ƙauye, kuma babu hukumar da za ta iya tsayawa a bayan kowane mai POS a kowace kasuwa. A nan ne aikin hakimai da dagatai da limamai da fastoci da malaman ilmin manya yake, domin abin da suka faɗa sau ɗaya a dandali ya fi takardar sanarwa dubu isa kunne.

IN ƁARNA TA AUKU

Wanda wayarsa ta ɓace, kada ya tsaya jimamin wayar. Layin da ke ciki shi ne mabuɗin asusunsa, saboda haka ya fara sanar da bankinsa a toshe asusun, sa'an nan kamfanin waya a rufe layin, kana ya kai rahoto wurin 'yan sanda. Haka ma wanda layinsa ya mutu farat ɗaya ba dalili, ya hanzarta bincike, domin wataƙila wani ne ya karɓi sabon layi da sunansa. Wanda ya gane ya faɗa wa baƙo lambar sirrinsa, ya sake ta a ranar, kada kunyar a ce an yaudare shi ta sa ya yi shiru. Mazambata da wannan kunya suke cin abinci. Tsohon da ba ya iya latsa lambar da kansa, gara ya zaɓi mutum ɗaya amintacce daga cikin iyalinsa da ya riƙa karanta ta ga duk wanda ya tarar a rumfa. Wanda saƙonnin talla suka dame shi kuwa, Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta tanadi lamba 2442 domin tsai da su, da lamba 622 domin ƙorafi a kan kamfanonin waya.

Wanda yake ganin wani kamfani ko ofis ya yi wasa da bayanansa, ya fara rubuta musu takarda, domin doka ta wajabta wa manyan masu riƙe da bayanai su naɗa jami'i na musamman mai kula da wannan aiki. Ya ajiye kwafin takardar da ranar da ya kai ta. In ba su amsa ba, ko amsar ba ta gamsar ba, sai ya kai ƙorafi ga Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya, ya bayyana sunan wurin, da irin bayanin da aka taɓa, da ranar da abin ya faru, da irin cutarwar da ta same shi, ya haɗa da shaida kamar hoton saƙon da aka aiko. Kada ya goge saƙonnin cin mutunci don baƙin ciki, su ne hujjarsa. Wanda bai iya rubutu ba yana iya sa wani amintacce ya rubuta masa, a karanta masa ya ji kafin ya sa hannu ko ya dangwala. Ko a cikin wannan takarda ta ƙorafi ba a rubuta lambar sirrin kati, domin Hukumar ba ta bukatarta.